Telan da Ya Bar wa Jirgi Wajen Ɗinki

Shekara goma sha tara shagon waldata yana jingine da shagon Zakiyyu Nata'ala a layin teloli na unguwar Brik. Na ji masu cewa za su yi kaza, za su yi kaza a layin nan har na gaji, kuma yawancinsu suna kan benci ɗaya har yau. Zakiyyu ban taɓa jin ya ce zai yi wani abu ba. Sai dai a ga ya yi.

A nan aka haife shi. Kakansa ne ya zo daga Zariya da keken ɗinki. Shi Zakiyyu yankan yadi ya gada: ya dubi kafaɗar mutum sau ɗaya, ya ɗauki alli, sauran aikin na almakashi ne.

Bara babban yatsansa na dama ya fara ƙagewa. Likita ya ce almakashi ne ya cinye jijiyar, in ya ci gaba da yanka, nan da shekara biyu ko cokali hannun ba zai riƙe ba. Ga mata, ga 'ya'ya huɗu, ga shekara arba'in da shida, ba wata sana'a.

Akwai wani ƙaramin kamfani a unguwar Tsinga da ke ƙera ƙananan jirage marasa matuƙi, masu ɗaukar hoton gonaki. Sukan koyar da zanen jirgi a kwamfuta wata shida, su riƙe mutum biyu aiki. Zakiyyu ya je ya ba da sunansa, alhali bai taɓa kunna kwamfuta ba. Da hagu ya koyi riƙe linzamin kwamfutar, don ya hutar da dama. Kullum da safe ya taka zuwa can, azahar ya dawo ya buɗe shago.

Yuguda mai soya, wato tsire, ba ya barinsa ya wuce lafiya. “Direban sama! Yaushe za a tashi? A ajiye mini kujerar taga.”

“Da wannan tumbin? Wajen kaya za a sa ka.”

Jarrabawar ƙarshe fiffiken jirgi ce. Mutum ya zana kowane yanki daban, guda goma sha takwas, sannan ya harhaɗa su a cikin kwamfutar. Sau uku ake ba da dama. Sau biyu na Zakiyyu suna ƙin haɗuwa, wannan ya hau kan wancan. Shi da malamarsu, wata injiniya mai suna Lubna, duk sun ɗauka hannun hagun ne ke zamewa.

Ranar ta uku ina wurin, ina gyara musu ƙofar ƙarfe. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya haɗa, suka sake ƙi. Ya ɗora hannun daman a cinya yana kallonsa.

Lubna ta tsaya a bayansa, ta auna yanki ɗaya, ta auna na biyu, na uku.

“Baba, ba zan gyara maka ba, tambaya ce kawai. Takarda ta ce santimita ashirin. Naka ashirin da uku. Kowanne ka ƙara masa ɗaya da rabi ta kowane gefe, daidai ba kuskure. Wa ya ce ka ƙara?”

“Sai an ce? To a ina ɗinkin zai zauna, 'yata?”

Ɗakin ya kwashe da dariya. Shekara talatin bai taɓa yanka abu cif da awo ba, sai ya bar rarar da ɗinki zai ci. Shi ma ya yi dariyar, kaɗan. Ya tambayi ƙarfe nawa za a rufe. Aka ce huɗu. Ya share sha takwas ɗin duka, ya faro daga farko. Bayan sallar azahar bai sake tashi daga kujerar ba. Ƙarfe huɗu saura kwata fiffiken ya haɗu.

Da sauran abu ɗaya: a fitar da shimfiɗaɗɗen zanen yadin da za a lulluɓe fiffiken da shi. Masu takardun lise, wato sakandare, sun yi ta fama, nasu yana tattarewa wajen lanƙwasa. Zakiyyu ya dube shi kamar kafaɗar riga, ya tsaga inda ya kamata, ya mayar da ɗaya da rabin nan a gefuna. Minti goma.

Lubna ta daɗe tana dubawa. “Nan kam a bar shi,” ta ce.

Yana cikin biyun da aka riƙe. Almakashin na rataye a ƙusar da na kafa masa a bango. Hannun daman bai warke ba, amma bai ƙara lalacewa ba. Jiya da shi ya miƙo mini kofin shayi.