Sabon injin niƙa da kunnen Baba Sale

Har in mutu ba zan manta da ranar da sabon inji ya kama hannun Baba Sale ba. Ku da kuka zo aiki daga baya, kun tarar da jar fitila a goshin injin nan, ba ku san dalilinta ba.

A wurin niƙan ƙungiyarmu ta mata a Getso, aikin kashi biyu ne. Ni ce mai karɓa: ina zaune a ƙofa, ina jera kwanuka bi da bi. Baba Sale shi ne mai inji. Tun ina budurwa yake gaban tsohon injin gas, har ƙarar ta cinye masa kunne. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Da ƙafarsa yake gane inji na aiki, don ƙasa rawa take yi.

Ƙarshen damina ne masu bincike suka zo daga Kano, shugabarsu wata Dakta mai fara'a. Suka kafa sola a rufi, suka girka inji rufaffe, ba bel, ba hayaƙi. Ta ce mayen ƙarfe ne a cikinsa, wani iri mai ƙarfi da suke nazari a kai, shi ke juya shi da wuta kaɗan. In ya yi kyau a nan, za su kai Kabo.

Ta tara mu ta yi bayani. In hadari ya rufe rana, injin zai tsaya da kansa. In rana ta dawo, zai yi kuka kamar na waya, sannan ya tashi.

"Baba, ka ji ko?" in ji ta.

Ya gyaɗa kai yana murmushi. "To, to, madalla."

Muna tsaye mu duka. Wa zai buɗe baki gaban baƙi ya ce dattijo ba ya ji? Shi kuma tsoronsa ɗaya, kada a ce sabon inji sai sabon mutum. Bayan sun tafi na yi masa bayanin da hannu da ihu. Ya ce, "Ke Lantana, injin da ba ya ko tari, me zai yi mini?"

Ranar wata Laraba ana markaɗen wake sai gari ya lumshe, inji ya tsaya. A dokar tsohon inji, in ya mutu ya mutu, sai an ja shi da hannu. Baba Sale ya ji ƙasa shiru, ya zura hannu zai ture waken da ya toshe.

Ina ƙofa sai rana ta dawo, na ji kukan nan, siriri. Na ƙwalla, "Baba! Hannunka!" Ya ba ni baya. Kafin in tsallake kwanuka aikin ya riga ya faru.

Yatsu uku aka cire masa a asibiti a Gwarzo. Dakta ta zo duba shi, idonta jawur. A waje ta riƙe ni ta ce, "Inna, me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Na ce, "'Yata, a gabansa kika yi tambayar."

Suka gyara injin, yanzu ba ya tashi sai an danna, suka kuma sa fitilar, mai kamawa kafin ya tashi. Ya yi kyau, ba na ƙi. Gari ba ya warin gas, jikokina ba za su kurumce ba. Amma ƙungiya ta ce Baba ya huta, aka ɗauki wani. Yana zaune a zaurensa, in na kai masa tuwo sai ya tambaye ni, "Yana aiki?" In gyaɗa kai. Ya ce, "To, madalla."

Su masu ilimi sun san cikin ƙarfensu, mu muka san mutanenmu, kunya ta hana a haɗa. Shi ya sa yanzu duk baƙon da ya kawo mana sabon abu, nakan ja shi bayan ɗaki in gaya masa wa ba ya ji, wa ba ya gani sosai. Bakina na nauyi, amma ina faɗa.