Ta Ƙofar Baya

Tirela ake ce masa a kamfanin robobi, kuma sunan ya zauna masa daram. Tun yana saurayi yake saɓar buhunan tsohuwar roba yana ɗura wa injin niƙa, har furfura ta fara leƙo masa. Ba ya ƙorafi, ba ya makara. Duk sanda 'yan ƙungiyar ƙwadago suka tare shi a bakin get, sai ya yi dariya ya ce, "Ni da Allah ya hore wa ƙarfi, me zan yi da taro?" Shi ne ma ya yi ta kai gwauro yana kai mari har aka ɗauki ƙaninsa aiki, aka ajiye shi a injin da ke gefen nasa.

A kamfanin nan, in inji ya ji wa mutum ciwo ba a jiran mota. Goya shi ake yi a fice ta ƙofar baya, sai kyamis ɗin tsallaken titi. Manaja ya ce hakan ya fi sauri, su kuma bayin Allah suka ɗauka tausayi ne. Abin haushi, ba wanda ya taɓa tambayar me ya sa kullum ta baya ake bi.

Ranar da inji ya ja hannun rigar Tirela ya haɗa da yatsunsa na dama, ƙanin ne ya goya shi yana kuka. Daga kyamis aka wuce da shi asibiti. Kafin a sallame shi daga asibiti, labari ya riga ya canja: wai babur ne ya kaɗe shi a titi tun bai shigo aiki ba.

Wata mata daga ƙungiyar da ya daɗe yana yi wa dariya ta same shi har gida. Ta ce, "Baba, kana da haƙƙin magani da diyya, kuma ba a korar mutum don ya nakasa a bakin aiki. Amma sai mutum guda ya tsaya ya ce a ciki abin ya faru."

"Mutum guda kawai? 'Yata, ai ƙanina ne ya goyo ni."

Abokan aiki suka yi ta zuwa dubiya da lemo a leda. Kowa ya zuba addu'a, amma da an taɓo zancen shaida sai a fara neman takalmi. Bai damu sosai ba, tunda yana da nasa na jini.

Ƙanin ya zo da safe cikin rigar aiki, ya tsuguna nesa da tabarma kamar baƙo. Ya daɗe yana murza hularsa.

"Yaya, jiya manaja ya kira ni ofis. Ka san mai ɗakina ta kusa sauka."

Ran Tirela ya ɓaci, har ya ji kamar ya kai masa duka da dungulmin. Sai ya jiyo matarsa a tsakar gida tana kankare ƙasan tukunya. Tun da ya kwanta, daga gidan wannan ƙanin ake aiko musu da awo. In aka kori yaron, gida biyu ne za su kwana da yunwa.

Ya ce, "Tashi ka tafi, kar ka makara."

Da matar ƙungiya ta dawo, ta tarar da shi yana koyon ɗaura igiyar wando da hagu. Ta tambaye shi yaushe ƙanin zai zo su zauna. Bai ɗago ba.

"Ki yi haƙuri na wahalar da ke, 'yata. Babur ne."