Bangon Iya Gbenga

Matso kusa, akwai abin da na ji da kunnena a gidan Malam Ladan, wanda ko mai unguwa bai sani ba. Amma tsaya tukuna in faɗa miki wace ce Iya Gbenga, don har yanzu raina tafasa yake.

Bisi sunanta, 'yar Ogbomosho. Tun tana amarya ta sauka a wannan tsohon gidan ƙasa na cikin gari. Manja take sayarwa a kasuwar Muda Lawal, kuma in ta daka tsawa a rumfarta, har can garin Miri ake jin ta. Duk shekara kafin damina ita ke kwaɓa ƙasa, ta hau soro ta yi yaɓe, 'ya'yan gidan kuwa suna zaure suna kurɓar shayi.

To, ɗanta Gbenga ya zo daga Legas, ya tarar da uwarsa tsamo-tsamo cikin laka. Zuciya ta ɗebe shi, ya sa aka shafe bangon ɗakinta da siminti. Bai san ginin ƙasa sai yana shan iska ba. Ruwa ya shige ta baya, bango ya kumbura kamar mai cikin 'yan uku, ya zube.

Shi ke nan Mansir, ɗan marigayi Malam Ladan, ya samu abin da yake nema. Wai baƙi sun ɓata musu gidan gado, ta kwashe komatsanta kafin Juma'a. Baƙi fa. Matar da ta goya shi har ya tsula mata fitsari a zani. Da labarin ya iso ni, sai da na yi jifa da muciya.

Na jingina turmi jikin katangarmu na hau. Ga Iya Gbenga tsaye gaban Mansir, hannu a ƙugu, tana nuna gindin bangon da ya faɗi.

"Mansir, ranar da aka haife ka, uwarka ba ta san inda kanta yake ba. Ni na wanke mabiyiyarka, ni na binne ta a nan. Tone ta ka ba ni, in tafi da ita Ogbomosho."

Ya cire hula ya mayar. Can ƙasa-ƙasa ya ce gobe zai turo magini a sake ɗora bangon.

Ni kuma turmi ya goce, na rungumi katanga. Ta ɗago kai.

"Bilkisu, tun ɗazu nake kallon ɗankwalinki. Sauko ki zagayo, ke za ki ɗebo ruwan kwaɓi."