Tsohon Ruwa da Sabo

'Yan uwa, ku ji abin da yarana suka yi mini yau!

Famfon unguwarmu, Bukan Sidi, ya ƙafe tun farkon hutu, rabin duro muke lallaɓawa. Da la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin, gwanin kyau. Ina taga ina kallonsa, sai na ji shaaa a tsakar gida. Na fito na tarar da duro a kife, Ummi da ƙaninta Sadik suna tsalle a caɓi.

Na ce, "Ummi, me kuka yi?"

Ta ce, "Mama, ai tsoho ne. Mun zubar don a tari sabo."

Muka jera bokitai, muka ɗaga kai sama. Iska ta kwashe hadarin, ko ɗigo bai sauka ba.

Sadik ya ja bakin zanena. "Mama, ƙishi nake ji."