Yadda Na Cuci Ƙanena a Gyaran Ƙofar Motarsa

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Lokacin da wannan abu ya faru, ni mai gyaran jikin mota ne a Karaye, na shekara ashirin da ɗoriya ina bugun ƙarfe da walda. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma a garejina komai da wurinsa. Guduma na rataye a ƙusarta, sifanoni a jere daga ƙarami zuwa babba, kuma ba a taɓa aiki na biyu sai an gama na farko. Duk motar da ta yi karo tsakanin Karaye da Rogo wurina ake jawo ta. Na saba jin sunana a bakin direbobi, ban kuma san sabon ya yi zurfi haka ba sai da aka fara ambaton wani.

Wanin nan ɗan ƙanin mahaifina ne, malamin makaranta a Gwangwan, na girme shi da shekara goma sha biyu. Ya sayi gindin wata tsohuwar ƙaramar mota da injinta, ya je Kano ya sayo gangar jiki ta faiba gunduwa-gunduwa, ya yi kusan shekara biyu yana haɗawa a ƙofar gidansu. Faiba dai ba ƙarfe ba ce, zare ne kamar gashi da ake jiƙawa da gam, ya daskare ya yi tauri. Ranar da ya shigo da ita Karaye, ja jawur, ranar kasuwa ce, mutane suka bar rumfunansu suka kewaye ta. Wani direba da na yi wa aiki ya fi sau goma ya dube ni yana dariya, ya ce ashe injiniyan gidanmu yana ƙauye, ni lanƙwasa nake miƙarwa, shi kuwa ƙerawa yake. Na taya su dariya. Da na koma gida na kwana ina juya maganar.

Bayan wata uku sai ga shi a gareji. Ya russuna ya gaishe ni, ya kira ni Yaya kamar kullum, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya nuna mini ƙofar gefen fasinja. Sukurori ukun da ke riƙe hinjin sama, wato ƙarfen da ƙofa ke juyawa a kansa, sun cinye ramukansu, sai juyawa suke ba sa kamawa, ƙofar har ta fara saukowa. Ya ce ranar Asabar wani Alhaji mai fataucin hatsi a Rogo zai shiga motar. In ta yi masa, zai ba shi aikin ƙera akwatunan faiba na baburansa masu ƙafa uku, ya kuma kama masa shago. Ya ce ba ya son hannun kowa a kanta sai nawa. Daga nan ya fara maimaita mini bayanin da mai faiba ya yi masa a Kano, sai na katse shi. Na ce tun kafin ya iya ɗaura wando nake ɗaura ƙofa, ya tafi sallar azahar ya bar ni da aikina.

Ba zan fake da rashin sani ba, na san aikin sarai. Da farko a cire hinjin, a goge wurin har zaren ya fito. Sai a cike ramukan da gam da zare. Sai a sa farantin ƙarfe ta ciki, a lulluɓe shi da faiba, a bar shi ya kwana ya bushe. Daga nan a huda sabbin ramuka, a zura noti ya ratsa har farantin, a sa washa a ɗaure. Faiba ba ta riƙe haƙorin sukuru, ƙarfen baya ne ke ɗaukar nauyin. Ni kuwa sai na cusa tsinken ashana a ramukan, na ɗiga gam, na murɗa sukurori masu kauri, kamar yadda kafinta ke yi wa ƙofar katako. Na ƙiyasta kwana uku ko huɗu zai yi. Burina ƙofar ta sauko ta ƙi rufuwa a gaban Alhajin, a yi dariya, direban nan ya ji labari. Da ya dawo ya buɗe ya rufe sau uku, fuskarsa ta washe, ya ce Allah Ya bar zumunci. Na ce amin.

Ranar Asabar ƙofar ba ta tsaya inda na tsara mata ba. A wata kwana bayan sun fita Rogo, Alhajin ya jingina kafaɗarsa da ita, taya ta faɗa rami, hinjin sama ya fizge da ɓallin faiba, na ƙasa ya bi shi, ƙofar ta tafi da dattijon. Allah Ya taƙaita, motar ba gudu take ba, amma ƙashin kafaɗarsa ya karye, ya yi wata biyu a ɗaure. Maganar shago ta tashi. Waɗanda suka bar rumfuna don kallonta su ne suka koma cewa motar roba ce, wasan yara, gara ƙarfe. Direbobi suka ci gaba da yabona, kowane yabo kuma kamar an ɗiga mini ruwan batir.

Bayan kwana biyar ya zo, ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ya kwance wata takarda a kan teburina. Ɓallin faibar ne, da sukurun a jiki, tsinken ashana na leƙowa. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko farantin ƙarfe ne ya ƙare a garejin, don da na faɗa da ya sayo. Ya naɗe takardarsa ya tafi. Bai gaya wa kowa ba. A gidan Alhajin da gidanmu duka cewa ya yi laifin haɗinsa ne. Motar ya sayar da injinta, gangar jikin tana bayan gidansu kaji na ƙwai a ciki.

Sai bayan shekara biyu na iya zuwa Gwangwan na faɗa masa gaskiya a gaban mahaifinsa, na kuma je Rogo na faɗa wa Alhajin. Dukansu sun ce sun yafe, na kuma yarda. Amma yaron da ke iya ƙera mota da hannunsa bai sake taɓa gam ba.

Ga abin da na koya, ga kuma gargaɗina ga masu sana'a. Hassada ba ta ce mini in karya dattijo ba, cewa ta yi ɗan kunya kaɗan zan ba shi, kuma ni zan auna iyakarta. Ƙarya ce, ba ka da ma'auni. In aka kawo maka aikin wanda kake jin zafinsa a rai, ko ka yi shi daidai tun daga farko har ƙarshe, ko ka ce ba za ka iya ba, ya kai wa wani. Har yau muna zumunci, yana zuwa suna da biki. Amma in babur ɗinsa na buƙatar walda, ta ƙofar garejina yake turo shi, ya tsaya ya gaishe ni, ya wuce wurin maƙwabcina.