Ramin da Na Yi wa Tukunyar Gwaggo

Akwai abubuwan da shekaru ke gogewa daga kan mutum, amma ranar da na ɓula tukunyar Gwaggo ba ta cikinsu. Da ita zan tsufa.

Ni dai atamfa nake sayarwa a kasuwar Arzèkè a Parakou ta ƙasar Benin, amma tun ina ƙarami hannuna ba ya zama wuri ɗaya. Shi ya sa na sayi wani ɗan injin walda, irin wanda ake kira MIG, mai turo waya da kansa in ka danna. Na gyara ƙofar gidanmu, na gyara kujeru, har wani maƙwabcina mai zem, wato ɗan acaɓa, ya kawo ƙafar babur ɗinsa. 'Yan unguwa suka fara ce mini injiniya, ni kuwa kaina ya kumbura. Mai sayar da injin ya haɗa mini da wayar alminiyam da tulun gas ɗin da ake aikinsa da shi, amma ban taɓa gwada su ba.

Da matata ta haifi 'yarmu ta fari, Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta taso daga Djougou da katuwar tukunyarta ta dalma, wato alminiyam. Duk wani suna ko biki a danginmu a cikinta ake dafa shinkafa, har sunana ni kaina. Da aka sauko da ita daga kan mota, sai ga tsaga a ƙasan kunnenta, tsawon ɗan yatsa. Saura kwana uku suna.

Gwaggo ta shafa wurin, ta ce, "A cikinta na ci burin dafa wa jikata." Na yi dariya na ce, "Haba Gwaggo, gidan injiniya kika zo. Kafin la'asar an gama."

Ban ko wanke ta ba. Na canza waya, na haɗa gas, na rufe fuska na danna. Wurin ya dinga tafasa yana fitar da baƙin kumfa, waldar ta ƙi kamawa. Ni kuma na saba da baƙin ƙarfe, wanda ke yin ja in ya ɗauki zafi. Na duba, ba ja ko kaɗan, tukunya na nan fara sol. Sai na ce wuta ce ta yi kaɗan. Na ƙara, na tsaya wuri ɗaya ina jiran ja. Kawai sai na ga wurin ya lotsa ya zube ƙasa kamar kunu. Tsagar da ko allura ba ta shiga ta koma ramin da ƙwan kaza zai wuce. Innalillahi! Wallahi kunya ta rufe ni.

Na daɗe a tsugune. Har na yi tunanin in ruga kasuwa in sayo sabuwa, amma na san ba tukunya kawai Gwaggo ta ɗauko daga Djougou ba. Na ɗauke ta na kai gabanta. Ta leƙa ta ramin, ta hango ni ta ɗaya gefen, ba ta ɗaga murya ba.

"Me ka tsaya jira har ta narke?"

Na ce, "Jira nake ta yi ja, Gwaggo."

Ta girgiza kai. "Kai, ɗan nan! Dalma tana ja? Ina amarya na taɓa barin wata a murhu ruwa ya ƙone. Fara ƙal take har gindinta ya zube. Kuma wannan ta fi shekarunka tana shan mai, ta ina walda za ta kama ta? Da ka tambaye ni."

Wannan kalma ta ƙarshe ta fi mini mari zafi. Ban taɓa kawowa a raina cewa tsohuwar da ba ta san inda ake kunna injin ba za ta san wannan ƙarfe fiye da ni.

Washegari da safe ta tafasa ruwan toka ta dirje bakin ramin ciki da waje. Ta ɗora tukunyar a garwashi kaɗan, mai ya tsattsafo, ta sake dirjewa, har sau uku. Ni kuma na sayo sabon burushin waya wanda bai taɓa baƙin ƙarfe ba, na yanko faci daga wani tsohon murfin dalma. Sauran murfin na yi ta gwaji a kansa har na gane hannun: ka taɓa, ka yi gaba da sauri, kada ka tsaya.

Da muka zo kan tukunyar, Gwaggo ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta juya wa hasken baya. In na ɗan ɗiga na ɗaga, sai ta juyo ta kawo tafin hannunta kusa da jikin tukunyar, yadda take yi wa kaskon waina. "Dakata, ta sha iska." Mu jira. Can kuma ta ce, "To, ƙara." A haka muka zagaye facin. Aikin bai yi kyau ba, ya yi tudu ya yi kwari, amma da muka cika ta da ruwa ko ɗigo bai fita ba.

Ranar suna shinkafa ta dahu a cikinta. Duk matar da ta tambayi tabon, Gwaggo sai ta nuna ni da ludayi ta ce, "Aikin injiniya ne." Aka yi ta dariya, ni ma na yi.

Gwaggo ta rasu, Allah ya ji ƙanta, kuma ni ta ce a bai wa tukunyar. Tana ɗakinmu, facin bai taɓa yoyo ba. Tun daga ranar da na ɓula ta, duk wanda ya kawo mini gyara, sai na zaunar da shi na tambaye shi halin kayansa kafin in taɓa injin, don wanda ya yi shekaru yana aiki da abu ya san abin da mai gyara bai sani ba. Da na yi wa Gwaggo tambaya ɗaya tak, da tsaga kawai zan liƙe.