Ɗigon Jan Farce a Motar Ba Modu

Ni mai gyaran wutar mota ne, wanda ake kira rewaya. Kafin in lalace ina da rumfa a Wulari, cikin Maiduguri, ƙarƙashin wata bishiyar maina, wato darbejiya, kuma wallahi na iya aikina. Motar da ta gagari wasu, wurina ake jawo ta. Ina da mata da 'ya'ya biyu, ba ni da arziki amma ban taɓa kwana da yunwa ba. Ku matasa da ke koyon sana'a, da ku nake, don ban so wani ya sake bin hanyar da na bi.

Da rikicin nan ya yi tsanani, na tura iyalina wurin dangi a Bauchi. Gari ya yi shiru, an hana babur, magariba na yi kowa ya shige. Abokan hirata wasu sun gudu, wasu an binne su. Mutum ɗaya ya rage da ke zama a bencina, wani dattijo Babarbare mai suna Ba Modu, daga Bulumkutu. Yana da a-kori-kura ta zamani da yake ɗauko wake da albasa zuwa Kasuwar Litinin. Duk ranar da bai fita ba sai ya zo da kwanon burabusko da matarsa Ya Falmata ta dafa, ya gaishe ni da yarensu ya ce, "Wushe, ɗana. Wanke hannun nan mai baƙin mai ka zo, gwauro ba ya ƙin tayi." Ba ni da kowa a garin nan sai shi, kuma na san haka tun a lokacin.

Motocin yanzu suna da wani ɗan akwati a ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba. Birenbos muke ce masa, amma ba na inji ba, wannan na jikin mota ne. Shi ke kula da fitilu da hon da waifa da gilasan ƙofa da makullansu. Idan ya lalace mota sai ta haukace, amma sau da yawa ba shi ne ke lalacewa ba. Fiyus ne, ko rile mai haɗa wuta da yankewa, ko wata waya da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota ta yi tsatsa. Mai mota bai san wannan ba. Abin da rewaya ya faɗa masa shi ne gaskiya.

Wani mai sayar da kayan gyara ne ya fara yi mini raɗa, wai hanya ta rufe, kaya ba sa shigowa, idan na sami birenbos mai lafiya zai saya. Na farko da na cire a motar wani baƙo ne da ba zan sake gani ba. Na ce masa nasa ya ƙone, na sa masa wani tsoho da na lallaɓa da dalma. Kwana biyu ina jin kunya, a na uku ta wuce. Daga nan abin ya zama sana'a. Don kada in rikita masu lafiya da matattu, sai na sayi kwalbar jan farce, duk wanda ya lalace in ɗiga masa ja a kusurwa. Ba Modu ya sha ganina ina yi, har ya taɓa tsokanata, "Rewaya, amarya za ka kai ne?" Ya ɗauka zubar da masu ɗigon nake yi.

Ran nan sai ga shi da tasa motar. Fitila tana ƙyaftawa, waifa tana tashi ba wanda ya taɓa ta, da safe batir a mace. Na duba fiyus, lafiya. Na duba rile, lafiya. Na sa mita na bi wayoyi, sai ga ta: wayar nan ta jikin ƙarfe ta ci tsatsa. Na kwance ta, na goge da sanfefa, na ɗaure. Minti biyar bai cika ba mota ta gyaru sarai. Lokacin Ba Modu ya riga ya tafi masallaci sallar azahar, ya bar mini makulli.

Kai, zuciya ba ta da ƙashi. Birenbos ɗinsa sabo fil yake, irin wanda mai kayan gyara ke ta nema. A akwatina kuma akwai irinsa mai ɗigon ja, wanda ruwa ya taɓa shiga. Na san halinsa sarai: in da sanyi yana aiki, in mota ta yi tafiya ta ɗau zafi sai ya birkice. Na ce a raina, in ya dawo da ƙorafi sai in san dabara. Na musanya, na haɗa shi da makullin motar da na'urata. Da ya dawo na ce, "Baba, birenbos ne ya ƙone, amma na sa maka na Kwatano." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Da ba kai, da ina zan sa kaina?" Muka ci burabusko kwano ɗaya.

Washegari da safe hankalina ya ƙi kwanciya. Lokacin an yanke layin waya a garin, ba halin kira. Na daɗe ina fakewa da wannan, amma ƙarya ce. Keke ɗaya zan hau in isa Bulumkutu kafin ya fita. Ban hau ba, na buɗe rumfa na ci gaba da aiki.

Wanda bai zauna a Maiduguri a shekarun nan ba, bai san shingen shigowa gari ba. Doka ce: ka tsaya daga nesa, ka sauke gilasai, ka kashe mota, ka fito hannu a sama. An sha kai hari da mota, don haka masu tsaron ba sa jira. Da la'asar ɗin ranar Ba Modu ya dawo da lodin wake, mota ta ɗau zafi. Yana tsayawa sai ƙofofi suka kulle kansu, gilasai suka ƙi sauka, fitilu suka kama ƙyaftawa, hon ya ɗauka ba tsayawa. Ana yi masa tsawa ya fito, shi kuma yana ciki yana kokawa da ƙofa. Aka buɗe wuta. Harsashi ɗaya ya same shi a ƙugu, bai sake takawa ba.

Na je asibiti na gaishe shi, kun ji rashin kunya. Ya riƙe hannuna yana cewa ƙaddara ce. Amma ɗansa Bukar, malamin makaranta, bai yarda ba. Da aka sakar musu motar ya kai ta wurin wani rewaya, shi kuwa yana ciro akwatin ya ga ja. Duk 'yan sana'armu sun san alamar wa ce. Bukar ya kai ni ƙara.

A kotu an turo Ba Modu a keken marasa lafiya, kuma ni ya zo karewa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan ɗana ne. Ba zai yi mini haka ba." Sai aka miƙa masa birenbos ɗin. Ya juya shi, ya ga ɗigon, ya daɗe yana kallo. Ya miƙa musu abinsu. Bai dube ni ba har aka fita da shi. Da alƙali ya tambaye ni, na amsa laifina, har da na sauran motocin.

A gidan yari ba wanda ya taɓa zuwa wurina. Matata ta aiko a karɓar mata takardar saki, ban ga laifinta ba. Ranar ziyara ana kiran sunaye, ni sai in koma gefe in zauna. Ba wahalar ce ta fi ci mini rai ba. Duk lokacin da aka miƙo mini kwano in ci ni kaɗai, sai in tuna wanda ke cewa in wanke hannu. A can na tuba, na yi kuka har na gaji.

Ranar da aka sake ni ban nufi ko'ina ba sai Bulumkutu. Motar tana nan a ƙofar gida, tayoyi a ƙasa, gilashin gaba da huji. Na yi sallama, Ya Falmata ta fito, ta tsufa ƙwarai. Na durƙusa na ce, "Iya, gafarar Baba na zo nema." Ta ce, "Wanda kake nema ya rasu bara." Na ce ko ya bar wata magana a kaina. Ta ce, "Tun ranar kotu bai sake ambaton sunanka ba, ko da alheri ko da sharri. Amma ya hana ni dafa burabusko a gidan nan." Ta koma ciki ta saki labule.

Yanzu ina gyara a bakin titi, ba rumfa, ba benci, don ba mai zama. Ina roƙon Allah gafara kullum, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe, kuma mai shi ya tafi. Ku da ake ba wa makulli a tafi masallaci, ku ji tsoron Allah. Abin da ka gani a mota shi za ka faɗa, wanda ka cire ka miƙa wa mai shi a hannu. Kada ka ce ɗan ƙarami ne, ba ka san inda motar za ta tsaya ba. Motar Ba Modu fa na riga na gyara ta tun kafin ya idar da sallah. Abin da ya rage mini kawai in rufe ƙofa in ba shi makullinsa.